Soron Sarkin Rafi Jabbi

Mabuɗin yana hannuna, ƙyauren kuwa babu shi,
gara ta gama da shi tun ina goye.
Duk da haka nakan yi sallama a zaure,
jemagu su amsa mini daga bakan gizo.

Nan Jabbi ya zauna, kakan kakana,
mai fadama tun daga bakin Rima
har inda kiran salla ke gajiya ya tsaya.
Bai son birni.
In manzo ya iso daga Sakkwato da takarda,
sai ya fara nuna masa yabanyar shinkafa,
ya auna masa kauri na albasar bana,
kana ya warware wasiƙar, yana tsaki.

Amma yakan tafi.
Alfadari gaba, jakin littattafai baya,
yini guda cur kafin ya ga ganuwa.
A majalisa, an ce, bai iya lanƙwasa harshe ba.
Shekarar da fara ta cinye gero,
manya na lissafin abin da ƙauyuka za su kawo,
ya kwance bakin zanensa,
ya zuba ƙaiƙayi a gaban shimfiɗa,
ya ce, ga zakkar mutanena, a auna.

Ba wanda ya yi dariya.
Damina uku ba a sake aiko masa manzo ba.

A cikin fushin nan ya ɗora bene.
Azara ɗari huɗu daga giginyun Gundumi,
makuba har bango ya yi baƙin sheƙi,
zankwaye shida, taga ɗaya tak,
ita ma ba ta kallon birni, gona take kallo.
Can sama yake kwana da tawada da alƙalamin gamba,
yana rubuta wa fada wasiƙun da bai aika ba.
Mun same su cikin gafaka, asu ya ci rabi,
rabin da ya rage duk zancen rijiya ne da haraji.

Wannan shi ne labarin da Inna Ige ke ba mu,
tana kaɗi, mazari na juyi bisa taskira.
Abin da ba ta faɗa ba, bango ya faɗa mini.

Bayan shigifa ta biyu, ƙasa-ƙasa,
inda sai ka durƙusa za ka gani,
akwai sawun hannu a cikin yaɓe,
na hagu, yatsa huɗu.
Na tambayi tsofaffi, wa ke nan?
Ɗaya ya ce, cikin bayi ne.
Ɗaya ya ce, su wa ke riƙe sunan masu kwaɓa ƙasa?
Mutumin da ya zuba ƙaiƙayi gaban manya
bai rubuta sunan wannan ba ko a gefen takarda.

Na sa tafina a cikin nasa.
Ya fi nawa faɗi.

Bara indararon gabas ya faɗi,
ruwa ya sami hanya, ya ci kafaɗar bene.
'Yan'uwa sun zo daga Abuja da mai awo,
suna zancen bulo da shaguna goma sha biyu.
Na dafa musu shayi a zauren,
na bar su suka yi ta gardama har la'asar.

Yanzu jajayen awaki ke hawa matakalar
da Jabbi ke hawa da fitilar man gyaɗa.
Kurnar tsakar gida ba ta san an mutu ba,
tana ta zubar da magarya-kurna ga yaran makwabta.

Gobe zan kwaɓa ƙasa, ni da ɗana Cindo.
Ba za mu iya benen ba, ya fi ƙarfinmu.
Bangon shigifa za mu tallafa,
daidai wajen hannun nan,
kafin hadarin farko ya taso daga gabas.